Shallar da Na Tuge a Wagadugu

A Gaya aka fara yi mini wayo, tun ban yi nisa da gida ba. Na tsallako daga Kamba da jakunkuna biyu, ɗaya ta tufafi ɗaya ta guzuri, na tarar da motar Doso ta cika saura gurbi ɗaya. Ɗan kamasho ya ce, "Alhaji, kai kaɗai ake jira." Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, na ji daɗin alhajin nan, na shige. Ina zama na kusa da ni ya ce bari ya kama ruwa. Na bayansa ya ce bari ya sayo goro. Kafin in gyara hula, saura ni da wata tsohuwa da akuyarta. Ashe 'yan cika mota ne, aikinsu ke nan, su zauna har wawa irina ya shigo. Muka yi ta jira har rana ta take.

Bari in faɗi abin da ya fito da ni, don ba yawon buɗe ido na tafi ba. Sunana Haliru, duba-gari ne ni a Kalgo. Aikina in bi lunguna in ce wa mutane su share kwata, su rufe masai. Amma a Gwandu, inda aka haife ni, babu lungun da ya kai na mahaifiyata wari. Inna gumin shinkafa take yi tun kafin Baba ya rasu, da shi ta ciyar da mu. Ruwan da take jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a sussuka ɓawonta ba, a ciki, idan ya kwana ya yi tsami, ta rariya yake fita ya kwanta a lungu, daidai ƙofar maƙwabcinmu Baba Manu. Ga wari ga sauro. Baba Manu ya yi haƙuri har ya gaji, ya kai ƙara wurin mai unguwa. Aka yanke cewa kafin sabuwar shinkafa ta shigo da kaka, ko a san yadda za a yi da ruwan, ko Inna ta kife tukwanenta. Tun ranar Inna da Baba Manu ba su ƙara gaisawa ba, mutanen da suka yi shekara da shekaru katanga ɗaya.

Ana cikin haka wurin aiki suka ce za a tura mutum ɗaya Wagadugu ya koyo yadda ake tace ruwan ƙazanta. Lokacin hanyar tana lafiya. Na nace har aka ba ni. Da na gaya wa Inna, ba ta dube ni ba, don ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yaba mini ko da wasa. Bango ta duba ta ce, "A ce wa duba-gari in ya tahi ya gano injin wanga da kyau. In shina ɗaukuwa, ya ɗauko." Ni ma inji na sa a raina, mai ƙarfe da ƙugi.

A Doso na gamu da ɗan garinmu. Haka dai ya ce. Ina saukowa ya ji na yi magana, ya rungume ni. "Kai, wannan harshen Gwandu ne! Ɗan wane gida?" Na faɗa. Ya ce ai ya san Baba, mutumin kirki, yana nan lafiya? Na ce ya rasu. Ya dafa ƙirji ya yi salati, har da ƙwalla. Wallahi sai da na ba shi haƙuri. Ya ce ba zai bar ɗan amininsa ya ɗauki kaya biyu ba, ya karɓi jakar guzuri, ya ce in bi shi zuwa motar Yamai. Muka shiga cikin kasuwa, wani amalanke ya gitta tsakaninmu, kafin ya wuce ɗan garinmu ya zama iska. Kilishi, ƙuliƙuli, dakuwa, da yajin da Inna ta daka da hannunta, duk suka bi aminin Baba. Yajin ne ya fi ci mini rai.

Na isa Yamai da yunwa da haushi. Na zauna a bakin tasha kusa da wata Bazabarma mai sayar da kwaɗon zogale, ina kallon tirenta ina kawar da kai. Ba ta jin Hausa sosai, ni kuma Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba. Ta dube ni, ta dubi jakata ɗaya, ta zuba kwaɗo a kwano ta turo mini da ƙafa kamar ba ita ba. Na sa hannu a aljihu, ta harare ni ta ce, "Ci!" Kalmar da ta iya ke nan, kuma ta ishe ni. Da na gama ta ƙulla mini wani a leda. Har yau ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

Daga Yamai zuwa Wagadugu ne na san na bar gida. Hausa ta yi ta raguwa a cikin motar, kowace tasha sai masu jinta su sauka, har ya zama ni kaɗai nake magana da kaina. A kowane shinge jandarma ya karɓi takarduna ya yi tambaya da Faransanci, in ce "wi," wato eh, ya sake tambaya, in sake cewa "wi." Wani ya yi dariya har ya kira abokinsa ya zo ya gani. Allah kaɗai ya san abin da na amsa. Kusa da Fadan Gurma motar ta mutu, muka yini a gindin wata ƙirya. Fasinjoji suna ta hira suna shewa, ni ina gefe ina cin sauran kwaɗon Bazabarma. Na tuna a daidai wannan lokaci Inna na juya shanshera a kan tabarma tana faɗa da kaji. Kewa ta kama ni sosai, na ce da kaina, Haliru, me ya kai ka?

Saboda tsoron makara na baro gida da wuri, sai ga shi na riga kowa isa. Makarantar da aka turo ni tana bayan gari, shiru, ba a fara karatu ba. Wata mace doguwa mai tabarau ta fito, ita ce Madam Awa, shugabar wurin. Ta ga yadda na yi futu-futu, ba ta tambaye ni komai ba, ta buɗe mini ɗaki, ta aiko da tuwon masara da miyar kuɓewa daga gidanta. Da la'asar wani ɗalibi ya iso, Alhasan, ɗan zangon Kumasi, gajere mai yawan dariya. Yana jin Hausa irin tasu, yana kuma jin Faransanci don uwarsa 'yar wannan ƙasar ce. Da ya ce mini "sannu da zuwa" na ji kamar in goya shi. Da magariba Madam ta sake aiko da abinci, washegari ma haka.

To mu a gidanmu ba a yi mana tarbiyyar ci da kwanciya ba. Baba yakan ce idan ka sauka gidan mutum ya ciyar da kai, ka duba abin da ya lalace a gidan ka gyara, kada ka tambaya, don in ka tambaya zai ce ka bari. Sai na zaga ina dubawa. A bayan ɗakunan kwana na ga abin da ya tayar mini da hankali: wani fili mai tsawo an kewaye shi da siminti an zuba tsakuwa, amma shalla ta cinye shi ƙurmus, ta fi ni tsayi, har ta fitar da kai.

Wanda bai yi noman fadama ba ba zai gane ba. Shalla, wadda wasu ke kira kacalla, ita ce abokiyar gabar gidanmu. Ita ke toshe hanyar ruwa, ita ke cinye gonar shinkafa, a cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana su wayi gari a kan amfanin mutum. Rabin ƙuruciyata a cikin laka na yi ta, ni da Baba, muna tuge ta. Na ce a raina, Allah sarki, baiwar Allah, aiki ya yi mata yawa har ciyawa ta ci bayan gida. Ga inda zan biya tuwo.

Bayan sallar asuba na ɗauki fartanya da adda a rumfar mai lambu, na tuɓe riga. Ban yi aikin ganin ido ba. Shalla idan ka sare ta sama ka yi aikin banza, sai ka bi saiwar ka zaro ta duka, haka Baba ya koya mini. Na lura ƙarƙashin tsakuwar akwai ruwa baƙi, na ce ka ji, har ta toshe musu kwata. Kafin hantsi na share fiye da rabi, na tara ta gefe tsibi guda, na tsaya ina share gumi ina jin daɗin kaina.

Sai na ji ƙara a bayana. Madam Awa ce, ta ɗora hannu biyu a ka, jakarta a ƙasa. Na yi murmushi na ce, "Ba komai, Madam, ai yi wa kai ne." Ta yi ta zuba Faransanci kamar ruwan sama a kan kwano. Alhasan ya fito da gudu da buroshi a baki, ya dubi filin, ya dube ni, ya zauna a ƙasa.

Na ce, "Me take cewa? Godiya take?"

Ya ce, "Ɗan'uwa, me ka zo koyo a nan?"

"Injin tace ruwa."

Ya nuna tsibin shallar da buroshinsa. "To ga injin nan ka kashe."

Na ɗauka wasa yake. Sai da ya fassara mini sannu a hankali. Duk ruwan wanka da wanke-wanke na makarantar nan yake biyowa. Da gangan aka dasa shallar, an daɗe ana rainonta, kuma ita za a nuna wa ɗalibai idan an fara karatu. Babu wani inji. Na ce, "Shalla? Dasawa? Da hannu?" Alhasan ya kwanta yana dariya har da buga ƙafa, sannan ya ƙara da cewa Madam ta ce za ta kira waɗanda suka turo ni su san irin ɗalibin da suka aiko. Tukwanen Inna kawai nake gani a kife.

Na durƙusa a kan tsakuwar nan, ba riga, laka har wuya. Na ce, "Alhasan, don girman Allah gaya mata daidai yadda zan faɗa." Na ba ta labarin Inna da gumi da lungu da Baba Manu da wa'adin kaka. Na gaya mata a garinmu wanda ya tuge maka shalla masoyinka ne. Na ce tuwonta na ci, shi na zo biya.

Ta kalle ni ta saman tabarau. Sannan ta yi wata tambaya, Alhasan ya ce, "Wai da gaske don tuwo ka yi wannan ɓarna?" Na ce ƙwarai. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta juya baya, dariya ta ƙwace mata. Da ta nutsu ta ce kakarta ma gumi take yi, ta san warin ruwan nan sarai. Ba za ta kore ni ba. Amma duk abin da na tuge, ni zan mayar da shi da hannuna, tushe bayan tushe.

Haka aka fara karatu, sauran ɗalibai suna aji da safe da ni, da yamma su tafi gari shan iska, ni ina bayan ɗakuna ina dashen ciyawar da na tashi ina tsine wa. Suka sa mini suna Musyu Shalla, wato Malam Shalla. Tun da na birkita wurin kuma sai wari ya tashi, mai tsami, irin na lungunmu sak. Ranar da ya fara bugun hancina na tsaya da tushe a hannu, idona ya cika da ƙwalla. Alhasan ya ce, "Warin ne?" Na ce, "A'a, gida na tuna." Ya ce bai taɓa ganin wanda kwata ke sa wa kewar uwa ba, kuma bai bar ba wa mutane labarin ba har muka rabu.

Amma horon nan ya yi mini rana. Da yake sai da na kwashe tsakuwar na sake shimfiɗa ta, na ga cikin abin da idona. Ruwa yakan fara shiga rami ne ya huta, dattin ya kwanta. Daga nan ya bi ta cikin tsakuwa a hankali, a ƙarƙashi, ba ya fitowa sarari balle sauro ya samu wurin ƙwai. Saiwar shalla tana kai iska ƙasa, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna zaune a jikin saiwar da tsakuwar suna cinye ƙazantar. Ƙarfin nan nata na tsotsa da yaɗuwa, wanda ya sa muka tsane ta a gona, shi ake so a nan. Madam takan zo ta tsaya a kaina ta gyara mini gangaren da ƙafarta. Ta ce ciyawar jema ma tana wannan aikin, na ce ai jema a fadamarmu har zana muke yi da ita. Kafin mu gama, sababbin ganye sun tsiro, warin ya ja baya, ruwan da ke fita ta ƙarshen filin ya koma garau. Ba na sha ba ne, amma ayabar da ke wurin ba ta ƙi shi ba. Ranar rabuwa Madam ta sake aiko mini da tuwo, ta ce wa Alhasan ya gaya mini wannan kyauta ce, kada in biya.

Na dawo da farkon damina. Inna ta dubi jakata ɗaya, ta dubi bayana ko wani na tafe da kaya. Ta ce wa bango, "Ina injin?"

Na ce, "Inna, yana fadama. Gobe zan ɗauko."

Da ta ga na sauke shalla daga amalanke, sai da ta zauna. "Shalla? Wagga da ta ƙare ƙarhin tsohonku? Ita aka tahi ƙasar Faransa a koyo? Da an tambaye ni ai da na hutar da mutum kuɗin mota." Na ce ta ba ni zuwa kaka. Ta ce ai ba ita ta ba da wa'adi ba.

A bayan katangarmu, gefen lungu, akwai ɗan fili namu da ake zuba toka. Nan na haƙa rami na rufe shi, na ja dogon kwari na daɓe shi da laka, na zuba tsakuwa, na karkato da rariya, na dasa shalla da jema. Masu wucewa suka samu abin kallo. Wani ya ce duba-gari ya je waje ya dawo da taɓin hankali. Baba Manu kuwa ba ya ko kallon wajen, ta ɗaya ƙofar yake fita saboda fushi, bai san me ake ciki ba. Kowace Asabar in hau babur daga Kalgo in zo in duba. Makonnin farko ba abin da ya canja sosai, na rame don tunani. Sai a hankali lungu ya bushe. Wata rana na tarar Inna ta sa an dasa zogale da ayaba a inda ruwan ke fita.

Sabuwar shinkafa ta fara shigowa, wa'adi ya zo. Wata Asabar da hantsi ina zaure ina shan fura, ina jiran a aiko daga wurin mai unguwa, sai na ji sara a bayan katanga. Kaf, kaf. Na san wannan ƙarar, ni na taɓa yin ta. Na ajiye ludayi na fita da gudu, amma Inna ta riga ni, da muciya a hannu, mayafi a karkace.

Baba Manu ne, ya naɗe wando, ya sunkuya a cikin shallar da fartanya, har ya tuge tushe biyu uku. Ya ɗago yana haki ya ce, "Hajara, kwana biyu. Na ga warin ya ɗauke, na ce wa mai unguwa ni na janye maganata. To kuma na ga ciyawa ta ci miki bayan gida, ba mai tuge miki. Na ce bari in zo in rage, zumunci ya hi gaban haka."

Inna ta ɗaga muciya. "Manu, fito! Fito, don Allah, kada ka kashe min inji! Kai ka san mi ka taɓa? Wagga ba ciyawa ba ce, shuka ce. Ɗana ya tahi har Wagadugu ya koyo ta. Ɗana Haliru!"

Sai ta juyo ta gan ni tsaye. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta yi cikin gida da sauri tana faɗa da kajin da ba su yi mata komai ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar.

Baba Manu ya tsaya da shalla a hannu yana kallona. Ya ce, "Haliru, mi na yi?"

Na naɗe hannun riga na ce, "Ba komai, Baba. Riƙe tushen nan, in nuna maka yadda ake mayar da shi." Muna cikin dasawa hayaƙi ya taso ta saman katanga, Inna ta ɗora tukunya.